Daga Kemis Ɗin Rogo Zuwa Gadon Gobe Da Nisa: Martani Ga Mai Cewa Ba Matsalarmu Ba Ce

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci, ɗan yankinmu, ya fitar kwanan baya a kan ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Ga inda ya tsaya: wai wannan batu na manyan asibitocin birni ne, na waɗanda ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman, wato gobe da nisa, inda ake jona wa mutum na'urori. A ganinsa, mutumin Karaye da na Rogo bai ma ga likita da idonsa ba balle magani ya yi masa yawa. Saboda haka duk wanda ya zo yana cewa a rage shan kafso barkatai, to damuwar Turawa ya kwaso ya jibga wa talaka. Ya rufe da kiran a sakar wa masu kemis mara su sayar da duk abin da aka nema, tunda su ne asibitin da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare.

Malam, na san tausayi ne ya sa ka ɗauki alƙalami, kuma ban raina tausayin ba. Sai dai duk ginin naka ya tsaya ne a kan zaton cewa akwai katanga tsakanin ɗakin gobe da nisa da ƙauyukanmu. Katangar nan babu ita.

Su wa ke kwance a gadajen nan? Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da na Shika a Zariya, ba don mazauna birni kaɗai aka gina su ba. Su ne ƙarshen hanya. Mai naƙudar da jijjiga ta kama a Tudun Kaya, da saurayin da ya faɗi a babur kansa ya bugu a hanyar Gwarzo, da yaron da taifod ta huda wa hanji a Zarewa ko Fulatan, in abin ya fi ƙarfin babban asibitin Karaye ko na Rogo, can ake tura su. Wasu a yi Kano da su, wasu daga ɓangaren Rogo da ke maƙwabtaka da Maƙarfi su nufi Zariya. To kafin mara lafiya ya isa can, hannu nawa ya bi? An fara da kemis, an haɗo masa na ɗari biyar. Bai ji sauƙi ba, an kira mai allura ya zo gida. Daga nan sha-ka-tafi, daga nan babban asibiti. A kusan kowane zango an ba shi wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, galibi ba tare da an san wace ƙwaya ake faɗa da ita ba. Likitan da ya karɓe shi a birni gadon wannan tarihin yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari in ɗan daɗe a nan, domin a nan ne rubutunka ya kauce. Jikin kowannenmu gida ne na ƙwayoyin bakteriya marasa adadi, a hanji, a fata, a hanci, kuma mafi yawansu ba sa cutar da mu. Duk lokacin da mutum ya haɗiyi kafso, ba ƙwayar da ta sa shi ciwo kaɗai maganin ke bi ta kai ba. Duk wadda ya tarar yakan taɓa ta. Masu rauni su mutu, masu taurin kai su tsira, fili kuma ya zama nasu. Irinsu E. coli, in sun sami yanayi, cikin kamar minti 20 ɗaya takan zama biyu. Abin da ya fi muni, suna miƙa wa juna dabarar bijire wa magani, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Manomin rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Ya ga yadda tsutsar tumatir, wadda ake kira sharon, ta yi wa gonakin Kano da Kaduna kaca-kaca a 2016, kuma ya san ƙwarin da aka saba yi wa feshi barkatai yakan kai matsayin da feshin ba ya yi masa komai.

Mai ɗauke da irin wannan ƙwaya mai taurin kai a hanjinsa yana iya yin shekaru lafiya lau, yana noma yana cin kasuwa. Ranar da ya kwanta a gobe da nisa ne labari ke sauyawa, domin a ranar ake buɗe ƙofofin da Allah ya rufe. A sa masa kanula a jijiya, a sa robar fitsari, a zura bututun numfashi a maƙogwaro, ga kuma yankan tiyata. Kowanne hanya ce ta shiga jini. Idan Klebsiella ko E. coli ko Staphylococcus suka shiga jini, zazzaɓi ya tashi, bugun jini ya faɗi, ƙoda ta fara gazawa, to magana ta koma ta awoyi, ba ta kwanaki ba. A irin wannan sa'a, in allurar farko da likita ya ɗauko ba ta ci ƙwayar ba, sau da yawa ba a samun damar gwada ta biyu. Kuma sau da yawa ƙwayar da ta shiga jinin ba baƙuwa ba ce, da ita mara lafiya ya zo daga gida.

Ka ce damuwar Turawa ce. Alƙaluma ba su goyi bayanka ba. Babban binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a watan Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani, kuma matsalar na da hannu a mutuwar kusan miliyan 4.95. Yankin da ya fi kowanne yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a ba Turai ba ce, ba Amurka ba ce: Afirka ta Yamma ce, da mutum kusan 27 cikin kowane 100,000. Rabon Nijeriya a ƙiyasin ya kai mutum 64,500 kai tsaye, da 263,400 da abin ya shafa. Bature yana da ɗakin gwaji da magani na biyu da na uku. Mu ne in na farko ya gaza sai a fara haɗa likkafani.

Kuma ba sai mun tafi nesa ba. Daga 2015, an gudanar da wani bincike mai suna BARNARDS a ƙasashe 7 na Afirka da Asiya, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Cardiff, a kan jariran da ƙwayar cuta ta shiga jininsu, kuma Asibitin Murtala na Kano yana cikin cibiyoyin da aka yi aikin. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna Klebsiella na sahun gaba, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙwayoyin rukuninta da aka gwada ba sa jin ampisilin da jentamaisin, magungunan biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye a matsayin matakin farko ga jarirai. Jariri ɗan kwana biyu bai taɓa zuwa kemis ba. A ina ya samo ƙwayar? Daga jikin uwa, daga hannun da ya karɓi haihuwarsa, daga abin da aka shafa wa cibiyarsa, daga gadon da aka kwantar da shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa wanda ya sha maganin barkatai daban, wanda ke biyan bashin daban.

Yanzu mu dawo gida, mu faɗa wa kanmu gaskiya game da yadda ake shan magani a wajenmu. Mura ta kama yaro, a sayo Septrin, alhali mura ba ta jin maganin bakteriya ko kaɗan. Gudawa ta zo, a haɗa Flagyl da kafso ja da yalo, alhali abin da yawancin gudawar yara ke buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc. An haifi jariri, tun kafin suna an fara ɗiga masa Ampiclox wai don wanke ciki. Sai kuma uwa-uba, maleriya da taifod, tagwayen da ba a raba su a bakin mutanenmu. Mafi yawan wannan taifod ɗin daga gwajin Widal take fitowa, gwajin da aka ƙirƙira tun 1896, wanda a ƙasa irin tamu yakan nuna alama ko ga mai ƙoshin lafiya, ko ga mai maleriya zalla. Da an ga takarda sai allurar seftiriyazon ta kwana uku, ko ta kwana ɗaya in kuɗi bai kai ba. Wannan allura kuwa ita ce sandar da likitocin manyan asibitoci ke dogarawa idan aka kawo musu mai sanƙarau ko mai ƙwayar cuta a jini. A Pakistan, tun daga 2016, a garin Hyderabad, wata taifod ta ɓulla da ba ta jin wannan allurar, ta bazu cikin dubban mutane. Ba na fatan mu ga irinta, amma hanyar da suka bi ita muke bi.

Ban manta da dabbobi ba. Makiyayi yakan sayi kwalbar allura a kasuwa ya yi wa saniya da kansa, gobe a tatsi nonon a kai kasuwa. Mai kaji yakan zuba magani a ruwan shansu tun suna 'yan tsaki, kashinsu kuma ya tafi gona a matsayin taki. A ƙasar Sin, a 2015, masana suka gano dabarar bijire wa kolistin, ɗaya daga magungunan da ake ajiyewa sai an rasa yadda za a yi, a jikin dabbobin kiwo da nama da kuma marasa lafiya a asibiti. Garke da gadon asibiti ba su da nisa kamar yadda muke zato.

Akwai inda kake da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Rashin magani ma yana kisa, kuma a karkara yana kisa ƙwarai. Yaron da limoniya ta kama, in bai sami amoksisilin a kan lokaci ba, zai iya tafiya cikin kwana biyu. Har ma akwai hujjar da ta fi wadda ka kawo ƙarfi: a binciken MORDOR da aka wallafa a 2018, an riƙa bai wa ƙananan yara azitiromaisin sau biyu a shekara a Nijar da Malawi da Tanzaniya, kuma a Nijar mace-macen yara ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. To amma dubi yadda aka yi shi. Magani ɗaya sananne, ma'auni daidai da girman yaro, lokaci ƙayyadadde, da masu sa ido. Kuma duk da wannan tsari, masu binciken da kansu sun ga ƙwayoyin da ke bijire wa wannan rukunin magani sun ƙaru a garuruwan da aka raba shi. In tsararren rabo yana da irin wannan farashi, ina ga kafso uku a ƙullin leda?

Abin da mutumin Gwangwan ko na garin Turawa ya rasa ba yawan magani ba ne. Ya rasa maganin da ya dace, cikakke, mai inganci, a lokacin da ya dace. Sakin kasuwa ba ya ba shi ko ɗaya daga cikin huɗun nan. Yana ba shi abin da aljihunsa ya kai ne kawai, kuma daga cikin kayan da ba kowa ya san asalinsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko jabu ne ko mara inganci. Irin wannan damuwa ce ta sa a farkon 2024 hukumomi suka tilasta wa 'yan kasuwar magani ta Sabon Gari komawa cibiyar sari ta Dangwauro a hanyar Zariya. Kafson da rabin ƙarfinsa babu ba ya warkar da mai shi, horar da ƙwayar cutar kawai yake yi. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗin tun 1945 lokacin karɓar lambar yabo ta Nobel: ranar da maganin ya zama abin saye a kanti, mutum zai sha abin da bai kai ya kashe ƙwayar ba, ya koya mata juriya.

Kada kuma a ɗauka na jibge laifin duka a kan ƙauye. Asibiti ma yana da nasa kason, kuma ba ɗan kaɗan ba. Ƙwayoyi irinsu Acinetobacter da Pseudomonas asibiti ne matattararsu. Suna zama a kan ƙarfen gado, a bakin famfo, a jikin na'ura, suna bin hannu daga wannan mara lafiya zuwa wancan. Tun 1847 wani likita a birnin Biyana, Semmelweis, ya nuna cewa wanke hannu kawai ya rage mutuwar masu jego ainun, amma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin ruwa da sabulu ko abin goge hannu a inda ake buƙata. Ma'aikaciyar jinya ɗaya da ke kula da ɗaki guda cikin dare, ba ruwa a famfo, safar hannu kuma sai ɗan'uwan mara lafiya ya sayo, wa'azin tsafta ba zai amfane ta da komai ba. Sannan ka tuna al'adarmu ta jinya. Mara lafiya ɗaya, majinyata uku, 'yan dubiya mota guda. Ana taɓa shi, ana wanke masa tufafi, ana cin abinci a gefen gadonsa. Ranar sallama, shi da majinyatansa sukan koma gida da ƙwayoyin asibiti a jikinsu, su shiga masai ɗaya da sauran iyali, su ci a akushi ɗaya. Hanyar nan zuwa ake yi da dawowa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki a rubutun mai kare talaka. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mara lafiya yake fita. Muddin amoksisilin da jentamaisin suna aiki, talaka na iya warkewa da kuɗin kaza ko akuya. Ranar da suka daina, likita zai rubuta irinsu merofenem, allurar da ake yi sau uku a rana har mako guda ko fiye, kowace kwalba da tsadarta, ga kuɗin gado a gobe da nisa. A nan ne ake sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona, a bi dangi da ƙoƙon bara, wani lokaci a sayi rabin allurar a bar sauran. Mai hali zai hau jirgi zuwa Masar ko Indiya. Duk maganin da ya mutu a hannunmu, maganin talaka ne ya mutu, domin masu arha su ke fara faɗuwa.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba. Hanyar da likita ke sanin wace ƙwaya ce a jini, da wane magani ne zai ci ta, ita ce a ɗebi jinin a rene shi a ɗakin gwaji, aikin kwana biyu zuwa uku ko fiye. In mara lafiya ya riga ya sha kafso kala-kala kafin a ɗebi jinin, ƙwayar takan ƙi tsirowa a kwalba alhali tana nan tana cinsa. Sakamako ya fito ba a ga komai ba, likita ya koma lalube, ya ɗauko magani mafi faɗi da tsada don kada ya kuskure. Wannan faɗin kuma shi ke haifar da sabuwar juriya. Kafson da aka sha a Rogo ranar Litinin shi ke rufe wa likitan Kano ido ranar Juma'a.

Ni ma ban ce a rufe kemis ba. Wanda ya ce a garƙame su alhali bai ajiye ma'aikaci da magani a sha-ka-tafi ba, to shi ma bai san ƙauye ba. Amma tsakanin rufewa da sakin mara akwai fili mai faɗi. Lasisin mai kemis tun asali na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne. Bai haɗa da zama ɗakin allura da ƙarin ruwa ba. Ana iya horar da shi ya yi gwajin maleriya na nan-take kafin ya ba da magani, ya ƙirga numfashin yaro, ya gane alamun da ke cewa a wuce asibiti yanzu, ya kuma daina yanka katin kafso gida uku. Ƙungiyar masu kemis tana da shugabanni kuma suna jin magana in an zauna da su da mutunci. Cibiyar jariri akwai man kulohekzidin da gwamnatin tarayya ta amince da shi, mai arha, wanda ya fi man goge baki da toka da duk abin da kakanni ke shafawa. Allurar rigakafin limoniya ta shiga jadawalin yara a Nijeriya tun 2014, ta gudawar rota kuma a 2022. Duk yaron da bai kamu ba, bai buƙaci kafso ba balle gadon asibiti.

Nijeriya ta yi tsarin yaƙi da wannan matsala na 2017 zuwa 2022, ta kuma ƙaddamar da na biyu a 2024. A shekarar ce shugabannin duniya suka yi alƙawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage waɗannan mace-mace da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030. Takardu ne masu kyau, amma takarda ba ta zuwa Yammedi da ƙafarta. Rubutu irin naka, Malam, shi ke bai wa jami'in da ke Abuja ko Kano uzurin cewa mutanen can ma sun ce ba matsalarsu ba ce.

Don haka ina kira ga Masarautar Karaye, wadda tun watan Yulin 2024 ƙasarta ta ƙunshi Karaye da Rogo, da ta sa hakimai da dagatai da limamai su ɗauki wannan magana kamar yadda aka ɗauki ta rigakafin shan inna. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu da wakilanmu a majalisar jiha su matsa wa Ma'aikatar Lafiya ta tabbatar manyan asibitocinmu suna da ruwan famfo dare da rana, da hanyar yin gwajin renon jini ko aika shi Kano a dawo da sakamako cikin lokaci, sannan hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ta sa kuɗin wannan gwaji cikin abin da take ɗauke wa marasa ƙarfi. Kai kuma ɗan'uwa, alƙalaminka yana da masu saurare a yankin nan fiye da nawa. Ka sake rubutu, ka nema wa mutanenmu ɗakin gwaji da ma'aikata da magani mai inganci, ka janye kiran a sakar wa kasuwar kafso mara.